Barcin Kurciya

Ranar Talata da azahar, da aka tashi yara cin abinci a gidan renon Inna, bakwai suka farka, ta takwas ta ƙi. Kurciya ce, 'yar shekara biyu da rabi, wadda aka laƙaba wa sunan saboda 'yar waƙar da take yi a maƙogwaro in tana wasa. Aka girgiza ta, aka shafa mata ruwa, ko gezau. Jiki lakwas, kai na rinjayar wuya. A guje aka yi asibiti da ita, likita ya duba ya ce an ba ta magani mai sa barci, kuma ba kaɗan ba.

Kafin la'asar layin ya gama shari'a ya yanke hukunci. Inna ce! Dama an ce yaran gidan sun cika shiru. Matar da ta yi shekara goma sha huɗu tana wanke kashin 'ya'yan layin nan, a yini ɗaya ta zama mai ɗura wa yara ƙwaya. Mutane ke nan. Baban Kurciya, makanike ne, shi ya ja zuga zuwa ƙofar gidan, kuma dutsen da ya fasa tagar falo daga hannunsa ya fito.

Washegari da safe ofishin kula da gidajen reno ya turo jami'arsa. Sunanta na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a ofis, Bin-Diddigi ake ce mata, in ana sauri a ce Diddigi. Mace ce gajeriya mai jinkirin magana, tana tafiya kai a sunkuye kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Abokan aikinta na tsokanarta cewa ta fi sanin takalman mutane da fuskokinsu, ita kuwa ba ta taɓa musawa ba.

Asibiti ta fara zuwa. Likitan ya ja ta gefe a baranda, idanunsa jajur.

"Hajiya, barcin ba shi ne ya fi damuna ba," ya ce. "Akwai magungunan da ake haɗa mai sa barci da wani sinadari da ke cin hanta a hankali. In shi ne, akwai makari, amma sai an ba da shi da wuri. Na'urar da za ta gaya mini ta lalace, na aika jininta wani wuri, sai gobe. Ki nemo mini me ta sha, nawa ta sha, tun yaushe. Yau nake so."

"Iyayen sun ce me?"

"Sun ce in tambayi mai reno."

*

Maman Kurciya na zaune a kan benci, har yanzu da rigar kamfanin ɗinkin da take aiki. A gefenta leda ce da kayan da aka cire wa yarinyar. Diddigi ta zauna, ta yi mata ya jiki.

"Ƙanwata, lafiyarta lau jiya da safe?"

Matar ta murza bakin mayafinta. "Lau."

"Ko ɗan zazzaɓi babu?"

Sai hawaye. Ashe kwana uku ke nan yarinyar na fama da mura da zafin jiki. Motar kamfani na ɗaukar Maman ƙarfe shida, an riga an ba ta takardar gargaɗi biyu kan fashi, ta uku sallama ce. Shi ya sa kullum kafin ta fita take ɗaga kan yarinyar a cikin barci ta ba ta cokali ɗaya na maganin zazzaɓin yara. Ta ciro kwalbar daga jaka. Ruwan ciki fari ne tas.

"Wallahi cokali ɗaya ne, Yaya, ƙaramin da ke cikin kwalin. Ni na kashe ta?"

"Ba ta mutu ba, ki daina faɗin haka. Kin gaya wa likita?"

"Na ji tsoro."

"Babanta ya sani?"

"Ba ma magana tun ran Asabar. Mun yi faɗa kan wanda zai zauna da ita. Ina fita yana barci, shi ke shirya ta ya kai ta."

Diddigi ta aika kwalbar ciki. Likita ya leƙo ya girgiza kai: wannan ba ya sa barci, kuma cokali ɗaya daidai ne. Kafin ta tashi ta buɗe ledar kayan. 'Yar riga ce ruwan ɗorawa, a wuyanta wani jan tabo ya bushe ya yi ƙarfi. Ta shinshina. Zaƙi, da ɗan ɗaci a bayansa. Ta ninke rigar ta sa a jakarta.

*

An toshe tagar gidan Inna da kwali. A falo ƙananan kujeru takwas na jere, an naɗe tabarmin barci a kusurwa, kofuna takwas a kan shiryayye kowanne da zare mai launinsa a hannu. Gidan da ya saba da hayaniya, in ya yi tsit, abin ba daɗin ji.

Inna babbar mace ce, ta haura hamsin, hannayenta duk sun yi kanta saboda wanki. Ba ta yi rantsuwa ba, ba ta yi kuka ba. Mukullai ta miƙa.

"Ranki ya daɗe, buɗe duk inda kike so. Yarinyar dai nake tambaya."

"Tana nan yadda take. Me ta ci jiya?"

"Ruwa kawai ta kurɓa. Tana zuwa ta nemi tabarma."

A kabad ɗin kicin, bayan gwangwanin madara, Diddigi ta ci karo da kwalbar maganin tari, an sha fiye da rabi. Ba ta so haka ba, don har ga Allah matar ta kwanta mata. Ta fito da ita ta ajiye a kan tebur.

Anti, ƙanwar Inna da ke taya ta aiki tun rasuwar mijinta, ta dafe ƙirji.

"Nawa ne! Yaya ba ta ma san da shi ba, ta hana a ajiye magani a gidan nan. Tari ke hana ni sakat, shi ne na ɓoye."

"Kin ɓoye," in ji Inna a hankali, "a gidan da yara ke hawa kujera su buɗe kabad."

"Yaya, ki yafe ni."

Diddigi ta ɗiga maganin a bayan hannunta. Ruwan ƙasa ne, yana warin citta. Ta fito da rigar ta kara. Ko kusa. Ta dai rubuta laifin ajiye magani inda yara ke kaiwa, don laifi ne, amma ba shi take nema ba.

*

Ƙorafi biyu ofis ya samu kan gidan a wata shida, duka da rubutu mai kyau irin na allo. Ba a sha wahalar gano mai su ba. Tsohon Hedimasta ne da ke gidan da ke kallon na Inna, wanda tun da ya yi ritaya ya mai da tagarsa ofis.

"Ni na rubuta, kuma ban yi nadama ba," ya ce, yana gyara tabarau. "'Yata, shekara talatin da biyar ina cikin yara. Yaro ɗan shekara biyu ba ya barci ƙarfe tara na safe. Amma a gidan nan, musamman in sanyi ya shigo, sai ki ji wasu sun yi ɗif tun da hantsi."

"Dukansu, Baba?"

"A'a. Yau wannan, gobe wancan."

"Ka taɓa ganin ta ba wani magani?"

"Ban gani ba. Abin da nake gani kullum shi ne wannan hannun nata."

"Wane hannu?"

Ya kwatanta. Kowace safiya Inna na tsaye a bakin ƙofa. Duk yaron da aka kawo, sai ta ɗora bayan hannunta a goshinsa. In da zafi, babu roƙo babu magiya, a koma da shi gida kada ya shafa wa sauran. Ya sha ganin mata na kuka a wurin, ya sha ganin maza na zagi, ba ta taɓa sassautawa ba.

"Jiya fa? Kurciya?"

"Ta taɓa ta, ta karɓe ta. Babanta ya kawo ta a babur, ta lungun can ya ɓullo."

"Ta lungu? Ai titi ya fi kusa da gidansu."

"To, da yawansu ta nan suke ɓullowa. Ban taɓa tambayar dalili ba."

Diddigi ta kalli agogo. Sha ɗaya saura. Awa kusan uku ke nan tana yawo, abin da ke hannunta riga ce da kwalabe biyu marasa amfani, can kuma yarinya na kwance. Ranta ya soma ƙuna.

*

Lungun siriri ne, tsakanin bayan katangar Inna da wani shago da aka daɗe da rufewa. Daga ƙofar gidan ba a hango shi, daga tagar Hedimasta ma bakinsa kawai ake gani. Ta shiga a hankali, ido a ƙasa.

Kiyashi ta fara gani. Layi guda, baƙi, suna bin gindin katanga kamar an ja zare. Kiyashi ba sa wahalar banza, inda suka nufa akwai zaƙi. Ta bi su taku ashirin har zuwa wani dakalin siminti, nan ta tsuguna.

Dakalin duk tabo ne. Wani ja, wani ruwan lemo, wani ya tsufa ya yi baƙi, wani a kan wani. A cikin tsagar da ke bayansa ta zaƙulo ƙananan cokulan roba guda biyar da wani sirinjin ba yara magani. Ta zauna a kan dugaduganta ta yi salati. Ashe nan ne asibitin layin. Nan iyaye ke tsayawa su ɗura wa yaro magani, su jira jiki ya yi sanyi, sannan su zagaya su miƙa goshinsa ga hannun Inna. Shirun da Hedimasta ke ji ke nan.

Amma kiyashin ba tsofaffin tabon suke bi ba. Sun taru a kan wani sabo, ja, mai faɗin tafin hannu, irin wanda ake samu in yaro ya furzar. Gefensa sawun taya ɗaya da ramin jakin da ake tsayar da babur a kai. Ƙarƙashin dakalin kuma wani murfin awo ya gangara, babba, irin na maganin manya. Ta ɗauko shi da hankici ta ɗaga wa haske. Cikinsa ja ne. A bayansa, shatin babban yatsa ya fito raɗau da baƙin man inji.

Ta kara rigar da jan da ke cikin murfin, launi ɗaya, wari ɗaya. Ba ta ji daɗin da mai nema ke ji in ya samu ba, sai ma wani ɗaci da ya taso mata.

*

Ƙarfe sha biyu ta tara su a falon Inna: Inna da Anti, Hedimasta, iyayen sauran yaran da aka samu, da Baban Kurciya da aka kira daga garejinsa. Maman ta zo daga asibiti ta rakuɓe a bakin ƙofa. Kujerun manya ba su isa ba, wasu suka zauna a na yara, gwiwa har ƙirji.

Baban ya ƙi zama. "Hajiya, taron me za a yi? A kira 'yan sanda su tafi da ita kawai!"

"Za a kira in lokaci ya yi. Inna, ƙarfe nawa Kurciya ta kwanta?"

"Takwas da rabi."

"Ƙarfe nawa kika duba ta?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Sai azahar."

Falon ya ɗauki guna-guni. Inna ta ɗaga hannu.

"Ku bari in faɗa da bakina. Kwana biyu tana rigima, jiya da ta yi shiru, daɗi na ji. Na ce bari ta huta ni ma in huta. Na wuce ta gefenta ya fi sau goma ban sunkuya ba. Wannan nawa ne, kuma zan ɗauka. Amma ban ba ta komai ba."

"Kun ji ko!" Baban ya daka tsawa.

Diddigi ta buɗe jaka ta zube cokulan roba biyar da sirinji a kan teburin yara.

"A lungun baya na tsinto waɗannan. Ba zan tambayi na waye ba."

Guna-gunin ya ɗauke ɗif. Wata malamar makaranta ta kau da kai tana kallon bango. Wani direba ya hau gyaran hularsa da ba ta karkace ba. Jiya bakinsu ya fi na kowa kaifi, yau ko tari babu mai yi. Inna ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kalli bayan hannunta.

"Ashe ni kuke yi wa wayo," ta ce. "Shekara nawa?"



Sai Diddigi ta warware hankicin ta ajiye murfin shi kaɗai, ta shimfiɗa 'yar rigar kusa da shi.

"Maman Kurciya na fita ta bar ta da kayan barci. Wannan rigar bayan fitarta aka sa. Maganin da ke wuyanta shi ne a cikin murfin nan, kuma ba na yara ba ne. Baban Kurciya, nuna mini hannunka."

Ya mai da hannayen baya kamar ɗan makaranta.

"Ni? 'Yata? Kin san me kike faɗa kuwa?"

"Ban ce ka yi nufin cutar da ita ba. Ba shari'a na zo yi ba yanzu, ɗan'uwa. Likita na jira ya san me ke cikinta, kuma kai kaɗai ka sani. Kowace awa da ka yi shiru, daga jikinta ake cirewa."

Ya kalli murfin.

"Maganin mura ne fa," ya ce. "Nawa ne, wanda nake sha. A akwatin kayan aikina da ke kan babur yake. Ni ina sha in tafi aiki garau. Maganin mura ne kawai."

"Kai!" Maman ta taso daga bakin ƙofa. "Kai ma kana ba ta?"

Ya juyo. "Me kike nufi da 'kai ma'? Ke kina ba ta wani abu ne?"

Suka tsaya cirko-cirko suna kallon juna, mata da miji, gida ɗaya, gado ɗaya, kowa na ɗura wa yarinya ɗaya magani a ɓoye don kada ya buɗe baki ya yi wa ɗayan magana. Diddigi ta ji kamar ta haɗa kawunansu ta gwara, amma babu lokacin wannan.

"Ran Litinin ta makon jiya ta dawo mini da ita," ya ce yana nuna Inna ba tare da ya kalle ta ba. "Maigidana ya ce in na ƙara fashi in kwashe kayana. Na ga wasu na yi a lungun. Jiya da aka ce an ba ta magani, na ce ai ba zai zama nawa ba. Na yi ta gaya wa kaina ba nawa ba ne. Har na yarda."

"Har ka ɗauki dutse," in ji Hedimasta. Sai kuma ya cire tabarau, don ya tuna takardun ƙorafinsa biyu.

Diddigi ta riga ta danna lambar likita. Ta buɗe muryar wayar kowa ya ji, ta miƙa masa.

"Ɗauko kwalbar a babur. Kai za ka faɗa masa."

Direban nan ya ruga ya ɗauko. Baban ya riƙe kwalbar da hannu biyu, ya karanta abin da ke jikinta harafi-harafi yana tuntuɓe. Likita ya sa shi ya maimaita layi na biyu.

"Shi ne wanda nake tsoro," ya ce. "Nawa ka ba ta?"

"Murfi ɗaya. Jiya ta furzar da na farko, sai na ƙara wani."

"Cike?"

"Cike."

"Jiya kawai?"

Baban ya rufe ido. "Kwana uku. Ran Lahadi ma na ba ta sau biyu a gida, da uwarta ta fita."

Sai aka ji likitan ya juya yana ba nas umarni da sauri, ana jan wani abu mai taya.

"Za mu fara ba ta makarin yanzu. Ku taho da kwalbar."

"Likita," Baban ya durƙusa a tsakiyar falon, wayar a tafin hannunsa. "Don Allah. Za ta tashi?"

"Jiya da azahar na tambaye ka ko ta sha wani abu a gida, kana tsaye a gabana," in ji likitan. "Da a lokacin ka faɗa, da na ba ka amsa. Yanzu ban sani ba."

Ya kashe wayar.

Maman ce ta fara takowa, ta zare kwalbar daga hannun mijinta ba ta dube shi ba, ta fita da gudu ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.